Daga Alli Zuwa Alƙalami: Goron Gayyata ga Malaman Karaye da Rogo

Jawabin da editan wannan mujalla ya gabatar a taron reshe na ƙarshen zango. Mun buga shi yadda aka karanta shi, domin waɗanda ba su sami halarta ba, da kuma iyalanmu.



An ba ni ɗan lokaci in yi bayani a kan sabon shafin da kwamitin mujallarmu ya yanke shawarar buɗewa. Shafi ne da za a keɓe a kowace fitowa domin kayan aikin marubuci, wato duk abin da ya taɓa taimakon wani daga cikinmu ya rubuta abu ya fito daidai, ko littafi ne, ko ƙamus, ko mutum, ko wuri, ko wata dabara da ya gano da kansa. Ba ni ne zan riƙa rubuta shafin ba. Ku ne za ku rubuta shi, mutum ɗaya a kowace fitowa. Ni nawa in karɓa, in duba, in miƙa wa mai bugawa. Ke nan rabon goron gayyata ne ya tsayar da ni a gabanku.

To, amma na san halin goron gayyata a hannun malamai. Akan karɓa da hannu biyu, a yi godiya, a tauna, a manta. Bara na yi irin wannan kira a taƙaice, na ajiye kwali a ofishin reshe, na rubuta a jikinsa cewa a saka rubutu a nan. Da na buɗe shi bayan wata uku, abin da na tarar shi ne takardar neman rance guda ɗaya da katin ɗaurin aure. Laifin ba naku ba ne ku kaɗai. Na ce a yi rubutu, ban faɗi a kan me ba, ban faɗi don me ba. Bana zan gyara wannan kuskure.

Bari in koma da ku baya zuwa 1933. A wannan shekara ce Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, wadda ta koma Hukumar Talifi, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana yin irin aikin da nake yi yau, yana roƙon masu ilimi su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Shi da kansa ya ba da labarin cewa babbar wahalar da ya sha ita ce shawo kan malamai su yarda ƙaga labari aiki ne da ya dace da mai ilimi, domin a ganinsu tatsuniya ta mata da yara ce. Duk da haka waɗansu suka amsa kira. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, wanda sunansa kaɗai ya isa ya shaida muku cewa maƙwabcinmu ne. Ukun farkon nan duk alli ne a hannunsu lokacin da kiran ya same su. Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22. Wansa Bello Kagara malami ne a Kwalejin Katsina. Tafawa Ɓalewa kuwa bai daɗe da kama aiki a Midil ta Bauci ba. Babu wanda ya san ɗayansu da sunan marubuci. Yau fiye da shekara 90 ke nan, har yanzu littattafan nan muke ɗauka mu shiga aji.

Sai dai ba wannan ne ɓangaren labarin da na fi so ku riƙe ba. A 1936 aka ɗauko Imam daga Katsina aka kai shi Zariya domin ya rubuta littafin karatu na makarantu. East bai ce masa kai mai basira ne, shiga ɗaki ka fito mana da littafi ba. Tara masa littattafai ya yi, na Larabawa da na Indiya da na Turai, irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus, ya ce ya karanta ya ga yadda waɗansu al'ummu suka ɗinka nasu labaran. Yana rubutawa, suna zama suna dubawa tare. Cikin wata shida aka sami Magana Jari Ce. Wanda ya karanta shi ba zai ji warin baƙunta ba, domin Imam ya sa wa kowane labari riga da hula irin namu. Basirar tasa ce, ba aro aka ba shi ba. Amma kayan aikin, wani ne ya ɗauko ya ajiye masa a gabansa. Idan mai basira irin ta Imam ya bukaci a nuna masa inda kaya suke, ina ga sabon malamin da aka turo ƙauye da takardar NCE da biro ɗaya a aljihu, aka ce ya koya wa yara saba'in rubutun insha'i?

Mu ba mu da East, ba mu da Hukumar Talifi. Ɗakin karatu na Murtala Muhammed yana Kano, na Jami'ar Bayero yana Kano, Gidan Ɗan Hausa yana Kano, kamfanin NNPC yana Zariya, Gidan Arewa yana Kaduna, kuma kowa a nan ya san abin da kuɗin mota zuwa da dawowa yake yi wa albashi. Abin da muke da shi a kusa shi ne junanmu. Na yi shekaru ina zagaya makarantun ƙananan hukumomin nan biyu, kuma abin da na lura da shi shi ne kayan suna nan, amma a warwatse suke. Wani malami a Rogo yana da ƙamus a ƙasan akwati, matarsa ta ɗora kwanuka a kai, ga wani a Kurugu ya kwana uku yana neman ma'anar kalma ɗaya. Wata malama a Karaye ta gano yadda ake fito da haruffa masu lanƙwasa a waya, ga shugaban makaranta a Beli yana buga takardar jarrabawa da "kasa" a wurin "ƙasa". Babu wanda ya ɓoye wa wani da gangan. Ba a dai tambaya ba, ba a kuma sami inda za a faɗa ba. Wannan shafi shi ne inda za a faɗa.

Ba mu ne farkon yin haka ba. Marubutan ƙungiyar Raina Kama ta Kano, su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba, da suka ga manyan kamfanonin ɗab'i ba su da lokacinsu, sai suka riƙa buga littattafansu da kansu a farkon shekarun 1990, kowa yana jera sunayen littattafan 'yan'uwansa a cikin nasa. Wanda ya sayi ɗaya ya san da sauran. Kuna iya saɓawa da su a kan abin da suka rubuta, ni ma a lokacin na ƙwace littattafan nan a hannun ɗalibai ba sau ɗaya ba, amma dabarar nuna wa juna hanya ta yi musu aiki, ta kuma sa mata da yawa sun zauna sun iya karatun boko sosai don su karanta da kansu.

Yanzu bari in faɗi irin rubutun da nake nema, domin a nan ne aka fi yin kuskure. Ba na son wani ya kawo mini shafi biyu yana gaya mana cewa ƙamus yana da matuƙar muhimmanci ga rayuwar ɗan'adam. Mun sani. Abin da nake so shi ne ka ce ranar kaza ina shirya darasi, na ci karo da kalma kaza, na duba wuri kaza ban samu ba, na duba wuri kaza na samu, ga abin da ya ce, ga kuma inda ya gaza. Ɗauki ƙamusun Bargery na 1934 misali. Ya haura shafi 1,200, mai shi ya yi fiye da shekara goma yana tattara shi, kuma har yau babu wanda ya kai shi adana tsofaffin kalmomin sana'a da na noma da na sarauta. Wani abin da ya fi shafarmu shi ne yakan nuna wace kalma ce ta Sakkwato, wace ce ta Katsina. Mu kuwa a mahaɗar Kano da Katsina da Zazzau muke zaune. A aji ɗaya za ka sami yaron da ke cewa "mashi" da mai cewa "masa", ga kuma na bakin iyakar Zazzau da zai ce maka "mota ne". Malamin da ya san cewa wannan karin harshe ne, ba jahilci ba, zai koya wa yaro daidaitacciyar Hausa ba tare da ya sa shi jin kunyar harshen uwarsa ba. Amma Bargery da Turanci yake bayani, kuma ba za ka sami kwamfuta ko katin zaɓe a cikinsa ba. A nan ne Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta fitar a 2006, ya shigo, domin shi da Hausa yake fassara Hausa. Wanda ya yi aiki da su biyun ya zauna ya rubuta mana yaushe yake ɗaukar wannan, yaushe yake ɗaukar wancan. An ce mini ana iya duba Bargery a intanet kyauta. Wanda ya gwada a wayarsa ya gaya mana yadda ake yi da abin da yake ci na data.

Haka batun ƙa'idojin rubutu. Tun 1912 Hanns Vischer, wanda muka sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa na rubuta Hausa da boko. A shekarun 1930 aka shigo da haruffa masu lanƙwasa. An yi taro a Bamako a 1966, an yi a Yamai a 1980, duk a kan daidaita rubutun. Amma shiga ajin da ka ga dama ka dubi allo. Za ka ga "yace" a haɗe, "shine" a haɗe, "gidan sa" a rabe. Za ka ga an rubuta "akan tebur", alhali "akan" ta al'ada ce, kamar a ce akan yi ruwa a watan Agusta, ita kuwa ta bisa tebur "a kan" ce. Bambancin "baki" da "baƙi", ko "fada" da "faɗa", ɗan ƙugiya ne kawai, amma wanda ya rubuta wa hakimi cewa zai zo fada ya san darajar rashin ƙugiyar nan. Ba gori nake yi ba. Na yi shekara shida ina koyar da Hausa kafin wani dattijon malami ya kira ni gefe ya nuna mini cewa "za a" ba a haɗe take ba. Littattafai suna nan a kan wannan, akwai na Farfesa Aliyu Muhammad Bunza mai suna Rubutun Hausa, akwai waɗansu. Wanda yake da ɗaya ya bayyana mana shi. Wanda kuma yake da Hausa a Rubuce na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988, ya sani cewa yana riƙe da taswirar duk abin da aka rubuta da Hausa, ajami da boko, har zuwa lokacin. Kada ya bar wa gara.

Waya ma kayan aiki ce, ba na musu. Tana ɗaukar murya, tana ɗaukar hoton shafi, akwai Wikipedia ta Hausa, akwai jaridu irin su Aminiya. Matasanmu sun fi ni sanin wannan, kuma ina jiran su koya mana. Abu ɗaya zan roƙa: wanda zai rubuta a kan manhajar fassara ya faɗi har da ɓarnarta. Na sha ganin takardar da kalmominta duk Hausa ne amma ƙashin bayanta na Turanci ne, irin wadda ake rufewa da "ka yi rana mai kyau". Wane Bahaushe ne ya taɓa sallamar wani da haka?

Duk abin da na lissafa zuwa yanzu, in ya ɓace a hannun wani, akwai shi a hannun wani. Akwai kayan aikin da in ya tafi ya tafi ke nan, kuma saboda shi ne na nace a buɗe wannan shafi.

Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Smith ta yi makonni tana zama da wata tsohuwa da ake kira Baba, tsohuwar tana ba da labarin rayuwarta, ita kuwa tana rubutawa da Hausa yadda ya fito daga bakinta. Mijin Mary, M. G. Smith, yana binciken zamantakewar Hausawan Zazzau ne a lokacin, kuma da yake namiji ne ba shi da hanyar shiga cikin gida, sai matarsa ta shiga. Baba ba ta taɓa zama a aji ba. Amma ta ba da labarin rinjin gidansu da yadda ake noma a gandu, da harin masu kama mutane su sayar da yadda ake fanso wanda aka kama, da zuwan Turawa kamar yadda mata suka gan shi daga cikin gida, da aure da kishi da riƙon 'ya'ya da ƙawance da bori. Ta rasu a 1951. A 1954 aka buga labarin a Landan da sunan Baba of Karo, daga baya kuma aka fitar da shi da Hausarsa ta asali da sunan Labarin Baba. Har yau ana karanta shi a jami'o'in Ingila da Amurka, kuma duk mai son sanin rayuwar matan Hausawa kafin zuwan Turawa da bayansa sai ya bi ta kansa.

'Yan'uwa, Karon nan da Baba ta tashi a cikinta tana kusa da Zarewa ne. Zarewa tamu, ta ƙaramar hukumar Rogo, wadda a da take cikin ƙasar Karaye. Sunan Zarewa da na Karaye suna fitowa a littafin. Tsohuwar da duniya ta fi sanin labarinta a cikin matan Hausawa na wancan zamani, ruwan yankin nan ta sha ta girma. Ba zan ce wanda ya taɓa karanta littafin ya ɗaga hannu ba, don kada in kunyata kowa, har da kaina, da ban gan shi ba sai da na haura arba'in. Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne wannan: ranar da Baba take ba da labarin nan, akwai tsofaffi irinta a kowane gida daga Zoza har Yammedi, waɗansu ma wataƙila sun fi ta sani. Bambancinta da su shi ne ita ta sami wanda ya zauna kusa da ita da takarda.

Ni ma na taɓa samun tawa Babar, na sake ta ta wuce. Gwaggon mahaifina ce. Ta san waƙoƙin niƙa da na daɓe da na kai amarya, ta san sunan kowace dawa da ake shukawa kafin zuwan irin zamani, ta san wane gida ya taso daga ina. In ta fara magana da daddare har maƙwabta sukan leƙo ta katanga. Na sayi littafin rubutu mai kauri musamman dominta. Na ce sai an yi hutu. Da aka yi hutu aka tura mu bita. Na ce sai hutun gaba, ya zo daidai da girbi. Ana cikin damina ta uku aka aiko mini da rasuwarta ina cikin aji. Littafin yana nan har yanzu, na mai da shi na lissafin adashi. Abin da ya rage a kaina na waƙoƙinta bai wuce baiti biyu ba, su ma ba na rantsuwa a kan daidai nake tuna su.

Don haka in na ce kayan aikin marubuci, har da mutane nake nufi, kuma su nake so a fara da su. An kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992. Yaran da aka haifa a shekarar yanzu suna kawo mana nasu 'ya'yan aji ɗaya. Waɗanda suka san gonaki da matsugunan da ruwan ya shafe, da sunayensu da iyakokinsu da yadda aka tashi, kullum raguwa suke yi. Masuntan da ke bakin ruwan suna da birgi da taru da koma da mamari, kowanne da yadda ake sarrafa shi da irin kifin da yake kamawa. Masu noman rake da dafa mazarƙwaila suna da nasu kalmomin tun daga dashe har zuba wa a mazubi. Akwai maƙera, akwai majema, akwai wanzamai, akwai ungozomomi. Sunan Karaye ya fito a Tarihin Kano tun a labarin Wambai Giwa, amma abin da mutanen Karaye da kansu suke faɗa a kan ganuwarsu da ƙofofinta, a bakin dattawa yake. Malamin da ya je wurin ɗayan waɗannan ya dawo ya rubuta mana cewa ga irin ilimin da ke wurinsa, ga lokacin da ya fi sakewa ya yi magana, ga tambayar da ta buɗe bakinsa, ga wadda ta sa ya yi shiru, to ya ba duk marubucin da zai zo bayansa abin da babu shi a kowane kanti.

A nan zan juya ga 'yan'uwanmu malamai mata. Ƙofar da ta buɗe wa Mary Smith ta rufe wa mijinta, ku a buɗe take muku, kuma ba ku bukatar tafinta. Rabin abin da al'ummar nan ta sani a cikin gida yake, inda ni ba zan wuce zaure ba. Hafsat Abdulwahid ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata domin mata a 2016, ke nan ba wanda zai ce rubutu ba na mata ba ne. Wadda ta taɓa shiga irin wannan gasa, ko ta ci ko ba ta ci ba, ta rubuta mana yadda ta shirya da abin da za ta sake in za ta kuma. Gayyatar ta haɗa da matan malamai da 'ya'yansu da ke karanta mujallar nan a gida bayan maigida ya ajiye ta.

Malaman Larabci da na Islamiyya, ku ne kuke iya karanta ajamin da ke cikin gafakar kakanninmu, wasiƙu da waƙoƙi da takardun gado da na cinikin gona. Yawancin 'yan boko in suka ga takardar sai su ɗauka duk addu'a ce, su mayar su rufe. Ku koya mana yadda ake gane ta Hausa daga ta Larabci, da yadda ake ɗaukar hotonta ba tare da an karya ta ba. Malaman lissafi da kimiyya, kada ku ce wannan hidimar 'yan Hausa ce. Ku ne kullum kuke fama da yadda za a faɗi abu da harshen da yaro zai gane. Wanda ya sami hanyar bayyana yadda tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana, har ɗan aji huɗu ya koma gida ya faɗa wa babansa a gona, ya rubuta mana kalmomin da ya yi amfani da su da inda ya samo su. Iyayenmu da suka ajiye aiki kuwa, ku kun ga zamanin Yaƙi da Jahilci, kun ga lokacin da ake jiran Gaskiya Ta Fi Kwabo a karanta wa jama'a a ƙofar gida. Ku da kanku kayan aiki ne, kuma in hannu ya fara rawa za mu turo wanda zai rubuta.

Na san abin da waɗansu ke faɗa a zuci: Hausata ba ta kai ta shiga mujalla ba, za a yi mini dariya. Wanda ya tsaya a gaban yara saba'in kullum ya fi ƙarfin tsoron mutum ɗaya mai jan biro. Kuma na yi alkawari, duk gyaran da na yi sai na nuna wa mai rubutu kafin a buga, in bai yarda ba mu zauna mu buɗe littafi. Imam ma an duba nasa. Masu cewa babu lokaci kuwa, ba zan yi musu da su ba, domin na san yawan darasin da ke kan kowa, ga gona, ga iyali. Shafi biyu na littafin rubutu nake nema, sau ɗaya a shekara ko ma ƙasa da haka, in mun yi yawa.

Sharuɗɗan kaɗan ne. Kada ka rubuta a kan abin da ba ka yi aiki da shi da hannunka ba. In littafi ne, ka faɗi sunansa da na mai shi da shekarar bugawa kamar yadda suke a jikinsa, ka faɗi inda ka samo shi, ka kuma faɗi ko kana ba da aro. In ba ka bayarwa, faɗi gaskiya, mun san dalili, ni ma ƙamusuna na farko aro ya cinye shi. In mutum ne, ka nemi izininsa kafin ka sa sunansa, ka karanta masa abin da ka rubuta ya ji, abin da ya ce a cire a cire. Abin da aka kwafo daga WhatsApp aka sa suna a ƙasa ba zai shiga ba, kuma yawanci akan gane shi tun daga layin farko. Yabon shugabanni da sukar abokan aiki suna da nasu wurin, ba wannan shafin ba. Muna karɓar rubutun hannu, muna karɓar na waya, muna karɓar ajami. Babu ko kwabo da za a biya, sai kwafi biyu na fitowar da rubutunka ya shiga, ɗaya naka, ɗaya na ɗakin malaman makarantarku.

Shafin fitowa ta gaba a buɗe yake, ba a ba kowa ba. Ina fata wani daga Zarewa ko kewayenta ya ɗauke shi, ya je ya tambayi dattawan can abin da suka sani game da Karo, ya dawo ya gaya mana ko da abin da ya samu kaɗan ne. Kwalin bara yana nan a ofishin reshe, na cire katin ɗaurin auren. Amma bana ba zan dogara da kwali ba. In an tashi zan tsaya a bakin ƙofa da takarda, wanda ya shirya ya faɗa mini sunansa da makarantarsa da watan da zai kawo nasa.

Shugaban taro, na ci lokaci fiye da wanda aka ba ni, a gafarce ni.